Ajiyar Baba Nomau

Shamsu, jikan Baba Nomau, ya ɗauke ni bidiyo ina cin tafasa a gonata, ya sa a intanet, ya rubuta cewa ni tsoho ne da yunwa ta kusa kashewa. Laifin ke nan, ba zan yi masa kwana-kwana ba. Ni Mamman, a Furfuri aka haife ni, shekaruna hamsin da 'yan kai, rumbuna biyu, ɗaya ko buɗe shi ban yi ba tun kakar bara. Amma yau in ka shiga Bungudu ka ce Mamman, sai a ce wane Mamman? Ka ce Baba Mai Tafasa, kowa zai nuna maka ƙofar gidana.

Ga yadda aka yi. Tsakiyar damina ce, ina maimai a gonar bayan gari. Rana ta take, na zauna ƙarƙashin tsamiya da 'yar rigar gonata, wadda kafaɗarta ta yage tun bara. Wa ke zuwa noma da shadda? Dije matata ta aiko mini da kwaɗon tafasa, ya sha ƙuli da barkono, don ta san duk damina sai na nema. Ina cikin ci sai ga Shamsu a kan babur. Yana da shagon hatsi a Gusau, kuma an ce rabin cinikinsa a waya yake yinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni yadda ya kamata, ya sauko da 'yar jakar shinkafa, ba ta fi kwano biyu ba.

"Baba Mamman, ga wannan a kai wa Inna Dije."

Na sa albarka. Ubansa Lawali abokina ne tun muna yawo ba wando, Allah ya jiƙansa, don haka ban kawo komai a raina ba. Ya ce, "Baba, ɗan riƙe ta nan, ka dubo ni." Na riƙe, na dube shi. Na ga wayar a hannunsa, na ɗauka hoton zumunci ne. Ashe tun daga bakin gona yake ɗaukata ina lasar yatsa.

Kwana biyu sai ga kiran Rabi, 'yata da ke aure a Tsafe. Kuka take.

"Baba, ashe haka gida ya koma ba ku faɗa mini ba? Kwana uku ba a ɗora tukunya?"

Na ce, "Ke, wace tukunya? Yanzu na gama da tuwon uwarki."

Ta turo mini abin. Na ga kaina. An sa wani kiɗa mai sanyi irin na mutuwa, an rage saurin hannuna yana zuwa baki, an matso da yagaggiyar kafaɗar nan har kana ƙirga zare. A ƙasa an rubuta wai dattijo ya kwana uku ba abin da ya shiga cikinsa sai ganye. Can ƙasa kuma ga sunan shagon Shamsu, da bayanin cewa duk wanda ya sayi buhu a wurinsa ya taimaki irinsu Baba. Ni ne irinsu Baba. Mutane sun yi ta zuba hoton fuska mai hawaye. Wata ta rubuta, ina 'ya'yansa suke, marasa imani. Wannan ce ta sa Rabi kuka, don a gidan mijinta aka fara nuna mata.

Dije ta ƙi zuwa suna a maƙwabta. Ta ce ba za ta je a riƙa ƙara mata tuwo ana kallon juna ba. A masallaci wani ya matse mini hannu da wani abu a dunƙule, na buɗe masa hannunsa na mayar. Wani da ke karɓar irin gero wurina duk shekara ya tambaye ni, yana kallon ƙasa, ko yunwa ta sa irin ma an taɓa shi. Sai ranar kasuwa wasu mata biyu suka sauka daga mota da wayoyi a sama, suna neman Baba Mai Tafasa, wai ko zan sake saka rigar nan in zauna inda na zauna.

Na kira Shamsu. Bai ma ji kunya ba, murna yake.

"Baba, ai abin ya tafi! Ka san mutum nawa suka gani? Alheri ne fa. Yanzu in ba ka nuna ba, wa zai yarda ka bayar? Haka kasuwa take."

Na ce ya cire. Ya ce ko ya cire nasa, wasu sun riga sun kwasa, abin ba ya gogewa.

Ni ba maƙiyin waya ba ne. Da ita nake jin kuɗin gero a kasuwar Tsafe kafin in ɗaure buhu, da ita nake jin muryar jikokina. Karatuna aji ɗaya na sakandare ya tsaya, amma ina karanta abin da aka rubuta a kaina, ina kuma rubuta nawa. Tun da an riga an ce na yi yunwa, bari in faɗi lokacin da na yi ta da gaske. Waɗanda abin ya shafa duk sun koma ga Allah, kuma yunwar da zan faɗa tamu ce, ba ta gidan wani ba.

Daminar bana ce ma ta tono mini ita. Ruwa ya sauka da wuri, muka yi shuka, sai ya ɗauke kusan kwana ashirin, har gero ya fara naɗe ganye. Duk wanda ya kai shekaruna ya dubi sama a kwanakin nan ya tuna waccan shekarar. Lokacin ba a yi jihar Zamfara ba, muna ƙarƙashin Sakkwato, ni ina shekara goma sha huɗu.

Bazarar ta yi zafin da ban sake ganin irinsa ba. Ƙasa tana gasa tafin ƙafa ta cikin takalmin taya. Kaji suna buɗe baki a gindin randa. Baba, wato mahaifina Malam Isa, ya ce a yi binne, a sa iri a busasshiyar ƙasa ya jira ruwa. Muka yi, shi yana sara da sungumi, ni da ƙanena muna zuba iri muna takewa da diddige. Ruwa ya zo sau ɗaya, mai kyau, har ƙamshin ƙasa ya shiga cikin fura. Kwana huɗu gona ta yi tsiri-tsiri kore. Shi ke nan, sama ta rufe bakinta. Kullum da la'asar hadari zai taso daga gabas, baƙi ƙirin, iska ta kaɗa danga, mata su kwashe shanya, sai ya watse kamar an kore shi. Shukar ta yi fari, ta kwanta. In ka taɓa ta sai ta murmushe a hannu.

Aka sake shuka. Ita ma ta ƙone. Shuka ta uku daga geron ci aka ɗebo, kuma nan ne rumbunmu ya fara nuna ƙasansa. Aka fita roƙon ruwa a filin idi, manya sun juya rigunansu, yara na kuka don ƙishi. Fulanin da ke rugar yamma da gari suka daina shigowa da nono, shanun sun koma haƙarƙari da ƙaho. Baba ya je Bungudu ya ɗauko ni daga makaranta da akwatina a ka, ya ce sai an ga yadda damina ta yi. Ban koma ba.

Ruwa ya dawo daga baya, kamar da bakin ƙwarya. Wanda bai yi noma ba zai ce wahala ta ƙare. A'a, nan ta fara. Gona kore shar, gero yana girma kana jin motsinsa, amma ba a cin kore. Tsakanin dawowar ruwa da tumun farko akwai wata biyu, kuma watannin nan biyu su ne na aiki mafi nauyi. Ciyawa ba ta san kana jin yunwa ba. Aka riƙa yin gayya, yau gonar wannan gobe ta wancan, amma gayyar shekarar ba kiɗa, ba fura a ƙwarya. Mutum ashirin a jere, ba ka jin komai sai sarar fartanya da numfashi. In mutum ya miƙe ya dafa ƙugu ya daɗe, ba mai kallonsa. An san jiri ne.

A gida Inna, mahaifiyata, ta tsara mu. Da farko tuwo sau ɗaya, da dare, da safe ɗumame. Sannan ɗumame ya ɓace. Sannan tuwon ya koma kunu, kunun ya koma ruwan da kake ganin ƙasan ƙoƙo. Sai tafasa. Da sassafe Inna da ƙanwata su bi bakin hanya su yago, a dafa, a zubar da ruwan fari saboda ɗaci, a matse. Ba ƙuli, ba mai, gishiri ma da yatsa biyu. Tana cika ciki na ɗan lokaci, sannan ta wuce da gudu ta bar ka da yunwarka. Bakinmu ya koma kore. Har zufarmu warin ganye take. Wanda ya ci waccan tafasar, in ya ga ta yau da ƙuli da barkono da albasa, ya san sarauta yake ci. Abin da Shamsu ya ɗauka ke nan ya sa masa kiɗan mutuwa.

Abu biyu Inna ba ta taɓa fasawa ba. Duk yamma sai ta hura wuta ta ɗora tukunya, ko da ruwa ne zalla a ciki, don hayaƙi ya tashi daga gidan Malam Isa kamar na kowa. Kuma duk hantsi sai ta yi daka. Da geron ya ƙare ƙaf, sai ta riƙa zuba ƙaiƙayi a turmi tana dakawa, har da 'yar waƙarta da tafi tsakanin taɓarya da taɓarya, don maƙwabta su ji. Na tambaye ta amfanin wannan wahala, ita da ko tsayuwa da ƙyar. Ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai anka yi shi ba. Ɗauke ƙafarka daga tabarmata."

Inda Inna ta yi kuskure shi ne ta manta wanda ke bayan danga. Baba Nomau, kakan Shamsu, katangar kara ce kawai tsakaninmu da shi. Mutum ne da ya tsufa cikin hatsi. Turmin da ke da gero a ciki muryarsa nauyi gare ta, dum, dum, kana jinta a ƙirji. Turmin ƙaiƙayi kuwa taɓarya wucewa take ta bugi itace, ƙwal, ƙwal. Mace za ta iya rufe wa duk unguwa, amma ba ta rufe wa kunnen manomi.

 Rana ta uku da fara dakan ƙaiƙayin, bayan la'asar, ana yayyafi, sai muka ji jaki a ƙofar gida da sallamar Baba Nomau. Tun daga zaure yake faɗa, da ƙarfi, yadda duk mai wucewa zai ji.

"Isa! Fito ka ga abin da ruwan ga ya yi min. Rumbun nan nau na yoyo, jinkar ta ruɓe. In na bar geron ga ciki asara za ni yi. Ka aje min dami huɗu wurinka."

Baba ya fito. Ya dubi jakin, ya dubi dammunan, busassu ƙayau an lulluɓe su da tabarma.  Sai ya ɓata rai, ya ce:

"Kai Nomau ba ka rabo da jawo ma mutane aiki. Ni ma nawa rumbun a cike yake, ina za ni sa su?"

"Matsa dai ka gani. Maƙwabtaka ai ba ta gaisuwa ɗai ba ce."

"To, kawo. Amma in ɓera ya ci ba ruwana."

"Ɓeran gidanka ai ya fi ka ƙiba. Kuma ji nan, sun sha danshi. In kun ga za su lalace, ku taɓa, kar a yi asarar banza."

Ni aka ɗaga na shiga rumbun don in karɓa. Rumbun da Baba ya ce a cike yake. Na dira a kan ƙasa tsirara, ba ko zangarniya ɗaya, sai kashin ɓera da ya bushe. Baba yana miƙo mini dami yana cewa da ƙarfi, "Tura wancan gefe, ka danna, wurin ya matse." Ni kuma ina cewa to, ina ta motsi a cikin rumbu wayam kamar ina fama da kaya. Baba Nomau yana tsaye ya juya wa rumbun baya, yana gyara wa jakinsa akumari. Bai leƙa ba. Ko sau ɗaya bai waiwayo ba.

Washegari turmin Inna ya ce dum. Ban taɓa jin kiɗan da ya kai shi daɗi ba. Ta yi mana kunu mai kauri wanda ludayi ke tsayawa a ciki, ƙanena ya sha ya yi barci a zaune da ƙoƙo a cinya. Da na bi ta bayan gidan Baba Nomau zuwa gona, na ɗaga kai na dubi rumbunsa. Jinka sabuwa fil, ciyawar ko baƙi ba ta yi ba. Na zo da gudu zan faɗa wa Baba. Ya ce, "Nomau ya ce tana yoyo. Kai ka fi shi sanin rumbunai?" Na ɗauki fartanyata na koma gona.

Dami huɗun nan, da tafasa, da lissafin Inna, su suka kai mu ranar da aka gasa tumun farko. Na tuna zafinsa a tafin hannu, ina murzawa ina hurawa, ƙanwata tana kuka don ya ƙone mata harshe kuma ta ƙi tofarwa.

Da kaka Baba ya zaɓi dammuna huɗu mafi kyau, ya ɗora a jaki ya kai. Baba Nomau ya ce, "Haba Isa, ban gyara jinkar ba tukuna. Bar su can." Shekara ta zagayo, haka. Wata shekarar, haka. Jinkar nan ba a taɓa gyara ta ba. Matarsa, kakar Shamsu, har ta rasu tana yi masa gorin ya bar geronsa a gidan mutane saboda ƙyuya. Bayan Baba ya rasu na je da kaina, lokacin Baba Nomau yana kwance, na ce akwai ajiya, kada ta shiga haƙƙin magada. Ya kama hannuna ya ce, "Wanga ba na gado ba ne, na ba da shi tun ran nan. Kai dai ka riƙa saurare. In ka ji turmin wani ya sake murya, ka san inda za ka kai."

Tun daga nan duk kaka ina ware dami huɗu. Rumbuna ya yi yoyo sau da dama a shekarun nan. Gidan wa aka kai, wannan ba na takarda ba ne. Bana ma, da gonakin nesa suka gagari manoma saboda rashin tsaro, mutane da yawa ba su noma rabin abin da suka saba ba, kuma kunnena bai toshe ba.

Don haka ranar Litinin na sa shaddata, na ɗauki jakar shinkafar nan da ko kwance ta ba a yi ba, na hau mota zuwa Gusau. Shagon Shamsu ba laifi, buhuna har rufi. Ya kafa waya a kan wani ƙarfe mai ƙafa uku da fitila zagaye, yana yi wa buhun wake talla. Da ya gan ni ya taso da fara'a, maƙwabtan shagonsa suna leƙowa, wani har ya ce, "La, ga Baban nan!"

Na ajiye jakar a kan sikelinsa.

Ya sosa ƙeya. Ya ce, "Baba, Anti Rabi ta kira ni ta wanke ni tas. Wallahi ban yi da mugun nufi ba. Amma na samo mafita. Mu je Furfuri yanzu a kan babur, ka sa wannan shaddar, ka buɗe rumbun nan da ba ka taɓa ba, in ɗauka, in ce ga gaskiyar Baba Mai Tafasa. Wannan sai ya fi na farko tafiya. Sunanka ya wanku, kowa ya huta."

Ba zan yi ƙarya ba, maganar ta ja ni. A raina na hango Dije ta shiga gidan suna da kanta a sama. Na hango surukan Rabi an miƙa musu waya. Abu ne na rabin yini. Sai kuma na hango wasu gidaje a unguwarmu, da na san muryar turminsu a watan nan, suna kallon gerona a waya har baki.

Hannunsa ya riga ya tafi wajen ƙarfen nan. Na ce, "Bar wayar nan inda take. Kashe fitilar."

Ya kashe. Na matsa kusa yadda ba sai na ɗaga murya ba, na ba shi labarin jakin da dami huɗu, a gajarce. Bai taɓa ji ba. Ubansa ma bai sani ba. Sannan na ce masa:

"Shamsu, kakanka ya ciyar da gidanmu wata biyu, ya tsaya gaban rumbunmu ya juya baya don kar ya gani, matar da yake kwana ɗaki ɗaya da ita har ta mutu ba ta sani ba. Kai ka ba ni shinkafa kwano biyu, har Legas an ji. Ga abarka. Rumbuna kuwa ba za ka leƙa ba, da waya ko ba waya. Su ci gaba da ce min Mai Tafasa, ina cinta, gobe ma in Dije ta kwaɗa zan ci. Amma ka riƙe wannan. Kasuwa juyawa take, na ga waɗanda suka fi ka buhuna. Ranar da turmin gidanka ya sake murya, zan ji. Zan zo har ƙofarka in ce rumbuna na yoyo, ka aje min dami huɗu. Kuma ba wanda zai gani."